Ba Malafa, Ba Wasa

"Kar ki taɓa mata kai," in ji Baba Merv. "Miƙa mata zaren ki koma gefe. Ke dai hannunki ba ya zama wuri ɗaya."

Kerryn ta miƙa wa 'yarta zaren ta ja da baya. Tsohon ya ɗauki wani guntun zare ya zagaya nasa kan da shi a hankali, daga goshi zuwa ƙeya, robar iskar da ke hancinsa tana reto a ƙirjinsa. Tahlia ba ta dube shi ba, dama ba ta duban kowa ido cikin ido. Amma can sai ta ɗaga nata zaren ta yi yadda ya yi, ta danne inda bakin biyu suka haɗu da ɗan yatsa.

"Yauwa, Kyaftin. Kai gare ki kamar kabewa, ba mamaki kin fi uwarki hankali."

Ranar Litinin ce, kwana huɗu da sallamo shi daga asibitin Adelaide. Ba warkewa ya yi ba. Sankarar fatar da ta fara cinye masa rabin kunne shekaru goma da suka wuce ta gangara huhu, likitoci suka ce ya zaɓi inda yake son zama. Ya zaɓi barandarsa, wadda ke kallon filin makarantar firamare ta gwamnati, titi ɗaya ne tsakani. Gidan Kerryn na jikin nasa, shingen kwano kawai ya raba su.

A aljihun rigar aikinta akwai takarda daga makarantar, ta sha ninki har ta fara yagewa. An rubuta cikin ladabi cewa saboda amfanin Tahlia da na sauran yara, ana ba da shawarar ta riƙa komawa gida ƙarfe sha ɗaya kullum. Za a zauna ranar Alhamis, goma da rabi, uwa ta sa hannu. Kerryn ta san ma'anar wannan. Ta ga yaron gidan Kowalski da aka fara yi wa haka a aji biyu. Kafin shekara ta zagayo ya daina zuwa gaba ɗaya, ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya neme shi.

Shekarar Tahlia bakwai, tana da lalurar da likitoci ke kira otizim. Kalmominta ba su da yawa, amma tana karanta duk abin da aka rubuta a jikin kwali, kuma da safe a aji ba a jin motsinta. Bayan hutun ƙarfe sha ɗaya ne take birkicewa: ihu, buga kai da bango, sau ɗaya har ta ciji mataimakiyar malama a hannu. Daga nan sai wayar Kerryn ta yi ƙara a rumfar da take jera lemo cikin kwali, ta cire safar hannu ta taho da gudu. Takardu sun kai ashirin da aka cike a kan "halinta bayan hutu". Ba ɗaya da ta ambaci abin da ke faruwa a cikin hutun.

Baba Merv ne ya gani, don shi ba shi da aikin da ya wuce kallo.

"Tun da zafi ya shigo a kan benci take," ya ce. "Kullum. Ƙarƙashin rumfa, ita kaɗai, idonta na kan lilo. Da sanyi ai lilon take hawa, minti ashirin cur, ta sauko kamar an yi mata wanka. Kin taɓa samun waya da sanyi?"

Kerryn ta yi tunani. Ba ta taɓa samu ba.

Doka ce a kowace makaranta, kowa ya tashi ya same ta: in zafi ya shigo, yaron da bai sa malafa ba ba ya fita rana. Ba malafa, ba wasa. Tahlia kuwa ko kusa da kanta aka kawo malafar makaranta sai ta tsugunna ta toshe kunnuwa.

"To su bar ta ta fita haka mana," in ji Kerryn. "Yarinya ɗaya. Me zai ragu a jikin dokarsu?"

Tsohon ya juyo mata da gefen fuskarsa, inda guntun kunnen yake, ya ɗaga hannuwansa masu tabo kamar an yayyafa masa wuta.

"Shekara arba'in ina ɗaura tamfol a bayan manyan motoci, kaina a buɗe, ina yi wa masu malafa dariya. Dube ni da kyau, 'yar nan. Dokar ba ta da laifi. Malafar ce sakarya."

Ya sa ta ɗauko malafar daga jaka. Ya ɗora ta a kansa, ta tsaya a tsakiya kamar murfin tukunya, Kerryn ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Ya juya kai dama da hagu.

"Kin ji? Ƙas-ƙas a bakin kunne, kamar ɓera a cikin leda. Ni da kunne ɗaya da rabi na ji. Ga ɗinkin ciki kamar zarto, ga takardar kamfani tana sukar ƙeya, ga igiya a maƙogwaro. Wanda ya ɗinka wannan bai taɓa son yaro ba."

Sana'arsa ke nan kafin ƙarfi ya ƙare: ɗinkin tamfol da jakunkunan masu tsinkar lemo. Ya ce waje zai bar shi yadda yake, shuɗi da tambarin makaranta, don kada wani ya sami abin cewa. Ciki ne zai sake. Da Kerryn ta tambayi wane yadi za ta sayo, sai ya nuna da haɓa. Tahlia na zaune a ƙasa kusa da kujerarsa kamar kullum, ta kama bakin hannun tsohuwar rigarsa mai zanen ja da baƙi, tana murzawa tsakanin yatsu biyu. Rigar ta sha wanki har ta yi laushi kamar kunnen zomo. Tun tana shekara uku take murza hannun rigar nan.

"Baba, rigarka ce fa."

"Inda za ni ba a tambayar riga."

Ranar Talata ya warware cikin malafar da ƙaramar wuƙa, ɗinki ɗaya-ɗaya, yana hutawa bayan kowane biyar. 'Yarsa Rhonda, wadda ta ɗauko hutu daga birni don ta yi jinyarsa, ta fito da miyar kabewa ta ajiye, ta dawo ta tarar ta huce.

"Baba, nas ta ce ka kwanta."

"Nas ta ce in yi abin da ke min daɗi. Kwanciya kuma ina da ita a gaba, mai tsawo."

Rhonda ta koma ciki da sauri, Kerryn ta ji an buɗe famfon kicin an bar shi yana zuba.

Ranar Laraba hannun ya ƙi. Ya yanka bayan rigar, ya ɗinke rabin zagayen, allura ta fara zame masa. Sau uku tana faɗuwa a kan bargon da ke cinyarsa. Kerryn ta dawo daga aiki ta tarar da shi yana kallon yatsunsa kamar na wani ne aka ara masa. Ta jawo kujera ta karɓi malafar.

"Ki ɓoye bakin zaren a ciki. A ciki na ce. Wannan ɗinki ne ko shingen awaki?"

"Tsoho, in ka dame ni zan ɗinke maka baki."

"Da matata Beryl ta gode miki daga kabari. Shekara hamsin tana nema."

Da suka gama rana ta yi sanyi, fararen aku sun cika itacen bakin titi da surutu. Ba igiya, ba takarda, ba inda zare ya fito. Ya miƙa wa Tahlia da hannu biyu. Ta karɓa, ta sa hanci a ciki ta daɗe tana shaƙa, ta murza yadin da yatsu. Daga nan ta soke ta a hammata ta ci gaba da karanta kwalin maganinsa.

Kerryn ta dubi tsohon. Kwana uku na ƙarfinsa na ƙarshe.

"Tahlia, sa mana a kai. Sau ɗaya. Don Baba Merv."

"Ƙyale ta," in ji shi, idonsa a rufe. "Wa ke sa malafa a inuwa?"

Sau biyu a baya ya raka ta irin wannan zama, don an yarda uwa ta zo da mutum ɗaya ya zauna kusa da ita. Yakan sa kwat ɗinsa na coci, ya zauna bai ce uffan ba, sai an miƙo takarda ya ce, "A ina aka rubuta dole ne?" Ita kuwa in ta ga mutum huɗu a bayan tebur, duk da fayil, sai harshenta ya mutu, ta ji kamar ita ce aka kira gaban shugaba. Ta san gobe ba zai iya ko sauka daga baranda ba. Ba ta tambaya ba, shi ma bai ɗauko zancen ba.

Da safiyar Alhamis ta fito da Tahlia ƙarfe takwas, ta ga motar nas a ƙofar gidansa, Rhonda na zaune a kan matakala da kofin shayi a hannu ba ta sha. Kujerar baranda ba kowa.

"Ya cika bakwai da 'yan mintuna," in ji Rhonda. "Ya sa na juya masa gado ya kalli taga. Ya sha shayi cokali biyu, ya ce ya yi ruwa." Ta goge hanci da bayan hannu. "Ya bar miki saƙo. Ya ce ki bar bironki a gida."

Kerryn ta zauna kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, na ɗan lokaci. Tahlia ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kujerar, malafar a hammatarta. Sai ƙararrawar makaranta ta buga daga tsallaken titi, dole aka tashi.

Ofishin Malama Halloran, shugabar makaranta, yana da taga babba mai kallon fili. Su huɗu ne: shugabar, malamar ajin, wani mutum daga ofishin ilimi na yanki, da Josie, mataimakiyar da aka ciza. Ba mugaye ba ne, Kerryn ta san haka. Shugabar ta yi mata ta'aziyya da gaske, ta ce tsohon ne ya ɗinka musu rumfar filin wasa bai karɓi ko sisi ba. Sannan ta yi bayanin cewa mataimakiya ɗaya gare su ga yara tara, kuma shirin komawa gidan na ɗan lokaci ne kawai. Mutumin ofishin ya turo takardar, ya ɗora biro a kai.

Kerryn ta dubi biron. Ta dubi kujerar da ke gefenta. Ta sa hannuwanta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta ta danne.

"A ina aka rubuta dole ne?" Muryar ta fito siririya, amma ta fito.

Mutumin ya gyara zama. "Ba dole ba ne, Uwargida Doyle. Shawara ce."

"To ina roƙon ku jira ƙarfe sha ɗaya. Minti goma ya rage." Ta gaya musu zancen benci, da lilo, da watannin sanyi da ba a taɓa kiranta ba. Malamar ajin ta buɗe littafinta tana juya shafuka baya, ta tsaya, ta sake juyawa. Josie ta miƙe ta ce bari ta je ta tsaya da yaran.

Ƙararrawa ta buga. Yara suka ɓarke daga azuzuwa, shuɗayen malafu ko'ina. Tahlia ce ta ƙarshe. Ta bi ƙarƙashin rumfa a hankali, ta wuce bencin, ta zo daidai inda inuwa ta ƙare ta tsaya, yatsun ƙafarta a kan layin. Malamin da ke tsaron fili ya nufo ta. Josie ta ɗaga masa hannu ya dakata. Kerryn ta matsa kusa da taga.

Yarinyar ta zaro malafar daga hammata. Ta sa fuskarta a ciki. Ta daɗe a haka, har mutumin ofishin ya dubi agogo. Sai ta ɗago, ta ɗora ta a kai da hannu biyu, ta jawo ta har kan kunnuwa, ta taka cikin rana.

A ofishin, Malama Halloran ta cire tabarau ta goge da bakin rigarta.

"Rana ɗaya ba hujja ba ce," in ji mutumin, amma a hankali ya faɗa.

"Mako biyu," in ji shugabar. Ta jawo takardar ta sa a aljihun tebur. "Mu ga mako biyu."

An binne shi ranar Talata kusa da Beryl. A cikin makonni biyun sau ɗaya wayar Kerryn ta yi ƙara, ranar da aka yi gwajin ƙararrawar gobara. Takardar ba ta sake fitowa daga aljihun tebur ba. Josie ta zo har gida wata yamma da malafu uku a leda, na wasu yaran, ta tambaya ko Kerryn za ta nuna mata yadda ake ɓoye bakin zaren.

Rhonda ta ba ta mabuɗin gidan ta riƙa ba shuke-shuke ruwa kafin a san yadda za a yi da shi. Wata Juma'a da ba ta da aiki, Kerryn ta gama ban ruwa ta hau barandar. Ragowar rigar na rataye a bayan kujera, hannuwa biyu da wuya, ba baya. Ta zauna. Ba ta taɓa zama a kujerarsa ba, sai a ranar ta ga iya abin da yake gani: shingen makaranta ya tare lilon, sai in mai hawa ya yi sama sosai.

Ƙarfe sha ɗaya ta buga. Jim kaɗan wata shuɗiyar malafa ta leƙo saman shingen, ta ɓace, ta sake leƙowa.