Ƙullin Ƙasar Sandamu

Ranar da Malam Mainasara na Sandamu ta ƙasar Daura ya ji cewa autansa Zakiyyu ya haƙa harsashin gida a Kano, ko tuwo bai iya ci ba. Haya dai haya ce, amma wanda ya gina gida a wani gari ya tafi ke nan. Gonar fa, wa zai gada? Ya ɗebi ƙasar gonar ya ƙulle a tsumma, ya ce zuwa da kai ya fi saƙo. Zai je ya dangwara wa yaron ita a gabansa, ya ga ko yana da sauran kunya.

A tashar Kano ya hau adaidaita sahun wani mai furfura, Audi. Mainasara kuwa bakinsa ba ya ajiye magana, kafin su yi nisa ya zazzage masa komai.

"Baƙo raɓa ne," in ji shi. "Me ɗan Daura zai zama a garin mutane?"

Audi ya yi dariya. "Baba, nan da muke wucewa sunanta Daurawa. Cikin gari akwai Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa. Ni kaina kakana ta iyakar Kongolam ya shigo da raƙuma biyu."

"To ina unguwar Kanawan?"

"Duk su ne Kanawan, Baba."

Suka hau gadar sama. Mainasara ya duba gabas, rufin kwano. Ya duba yamma, rufin kwano, har inda ido ya gaza. Ashe kowane rufi akwai wani tsoho a wani ƙauye da ya taɓa ƙin cin tuwo saboda shi. "Ikon Allah," ya ce a hankali.

Ya tarar da Zakiyyu a bakin fili, magina na kwaɓa siminti. Yaron ya durƙusa, ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa.

Tsoho ya kwance ƙullin. Ya san gonar ta rasa magaji, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya juye ƙasar cikin kwaɓin.

"Ku cuɗa da kyau," ya ce wa maginan. "In jikokina sun tambaya, a ce musu daga Sandamu aka zo."