Zomo a Gidan Takaba

A daminar da aka sauke tutar Faransa a Damagaram, Ramlatu tana cikin takaba a Zermu. Mijinta Tahiru ya rasu ana gama shuka. Ya bar mata akuya mai shayarwa, da rumbu, da gona can gabas da gari, amma babu ɗa ko ɗaya a raye. Delu, yayar marigayin, ita ta tare a gidan don ta taya ta zama, kuma ta tsare ƙa'ida: mai takaba ba ta ado, ba ta ɗaga murya, ba ta taka ƙofar gida. Malamai sun ce akwai sauƙi a wannan hukunci. Amma Delu ba mai neman sauƙi ba ce.

Gonar ta koma hannun Gambo, ƙanen Tahiru, mafarauci mai karnuka biyu da bakin da ba ya hutawa. Wata rana da hantsi ya dawo daga noma riƙe da hularsa a dunƙule. Ɗan zomo ne a ciki, bai kai tafin hannu ba. Hauya ta same shi a kwance cikin ciyawa, ta tsaga masa cinyar baya. Gambo ya ce zai jefa wa karnuka, su tuna da sana'arsu. Ramlatu tana zaune a tabarma, ta ce ya miƙo ta gani.

"Matar Yaya, wannan ko miya ba zai yi ba."

"Ban ce miya zan yi ba. Ajiye shi nan."

Ta wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta yagi bakin tsohon zane ta ɗaure. Ɗan zomon bai yi kuka ba, sai zuciyarsa da ke bugawa a yatsunta. Ya ƙi shan komai a ludayi. Da ta gane haka, ta riƙa tsoma tsumma a nonon akuya tana ɗiga masa a gefen baki. Ta shimfiɗa masa ƙaiƙayi a fasasshen tulu, ta tura ƙarƙashin rumbu inda shaho ba ya gani.

Delu ta ce ɓata nono ne. Ta ce dabbar daji ba ta rayuwa a hannun mutum, gobe za a share shi da tsintsiya. Gobe ta yi, bai mutu ba. Mutane suka tafi birni kallon sabuwar tuta, suka dawo da labarai iri-iri, Ramlatu ba ta tambayi kowa komai ba. Abin da ta sani shi ne ɗan zomo ya fara taka ƙafar, kuma ya ci ganyen wake a hannunta. Gambo ne ke yanko masa ganyen, yana mita wai shi da ake tsoro a daji ya zama baran zomo.

A nan ne Ramlatu ta fara yin kuskure, kuma ba za a ɓoye ba don tana cikin makoki. Ciwo ya warke, tabo ya rufe, gashi ya fito a kansa. Ranar nan ya kamata a sake shi. Ita kuwa ta ce a ranta sai ta fita takaba, ta kai shi da hannunta gonar marigayi, inda aka same shi. Niyyar tana da daɗin ji. Gaskiyar maganar ita ce, gidan ya yi mata shiru, kuma zomon ne kaɗai abin da ke buƙatar ta tashi da safe.

Zomon bai san takaba ba. Ya girma, kunnuwansa suka miƙe, tulu ya yi masa kaɗan. Ta kewaye masa gindin rumbu da kara. Ya daina zuwa hannunta. In aka sauke taɓarya a turmi sai ya zabura ya buga kansa da itacen rumbu, har hancinsa ya saɓule. Ta sa masa bagaruwa a nan ma. Ya rage cin abinci, ya koma lungu yana kallon darni.

Delu ce ta faɗa mata, tana tsince wake, ba tare da ta ɗago kai ba. Ta ce gero ya fara nuna, girbi ya kusa, takaba kuwa sai bayan girbi za ta ƙare. Yanzu gona duhu ce, zomo zai sami inda zai ɓuya ya koyi gudu. In aka kwashe karan gero, fili ya buɗe, samari suka fito da karnuka da sanduna, wanda ya tashi a gindin rumbu ba zai kai yamma ba.

"Kin warkar masa da ƙafa don ya yi gudu," in ji Delu, "ko don ya taya ki zama?"

Ramlatu ta ji haushi ƙwarai, irin haushin da ake ji in an faɗi gaskiya. Ta roƙi Delu ta bar ta ta je gonar ta dawo, tafiyar ba nisa. Delu ta ce a'a. Ita ma Delun gwiwarta ba ta kai ta gona. Wanda ya rage shi ne Gambo, mutumin da bai taɓa ganin zomo ya bar shi ya wuce ba.

Washegari Ramlatu ta aika aka kira shi. Ta sa zomon a kwando, ta rufe da faifai, ta ɗaure. Ta ce ya kai shi inda ya same shi, ya buɗe, ya juya baya. Gambo ya yi dariya, ya ce yanzu kam ya isa miya, ya kuma tambaya ko akwai daddawa a gidan.

"Ina karnukanka?"

"Suna ƙofar gida."

"Shigo da su. Ka ɗaure su a turken akuya, ka bar sandarka nan wurina."

Delu ta ce kare a gidan takaba abin kunya ne. Ramlatu ta ce a cikin abubuwan da aka lissafa mata ba a ambaci kare ba. Gambo ya dubi matar wansa, ya ga ba wasa take ba. Ya ɗaure karnukan, ya jingine sandar, ya ɗauki kwandon da hannu biyu ya fita.

Ramlatu ta zauna a tabarma, karnuka na kallonta tana kallonsu. Rana ta ɗaga. Ba ta da hanyar sanin abin da ke faruwa a gona, kuma ta san ko ya dawo sai dai ta karɓi abin da ya faɗa.

Kafin azahar ya yi sallama, kwando a hammata. Ya ce da ya buɗe, zomon ya daɗe a zaune bai gane ba, sai da ya tafa hannu sannan ya shige cikin gero wajen gindin gawo. Ya ce yana ɗan karkata a gudu, amma kaɗan ne.

"Ka rantse?"

"Matar Yaya, a gonar Yaya zan ci amanarki?"

Ramlatu ta sunkuyar da kai. Can ta ce ya kwance karnukansa ya fitar mata da su, sun tsorata mata akuya.