Saƙon Ɗan Goggo

Auta ta riga ta hango ƙofar fita daga filin jirgi lokacin da jami'ar kwastan ta ɗaga mata hannu.

"Baiwar Allah, ɗora jakar nan a kan tebur."

Ko a jikinta. Abin da ya fitar da ita ƙasar waje ba na ɓoyo ba ne. Tun da aka yi wa Baba dashen ƙoda yake shan wani magani safe da yamma, don kada jikinsa ya ƙi sabuwar ƙodar. To maganin ya yanke a duk kantunan gari, abin da ya rage masa bai wuce na safiyar yau ba. Shi ya sa 'yan'uwa suka tura ta ta sayo.

Jami'ar ta jera kwalayen, ta duba takardar likita, ta gyaɗa kai. Sai hannunta ya kai ƙasan jaka, ta zaro wani ƙunshi da aka naɗe tam da salatif.

"Wannan fa?"

"Saƙo ne. Ɗan goggona da ke karatu a can ya ba ni in kai wa abokinsa. Wai maganin ƙarin jini ne."

"Kin buɗe kin gani?"

"A'a."

Jami'ar ta sa reza ta farke. Fararen ƙwayoyi ne cunkushe a leda, ba kwali, ba suna.

Aka shigar da Auta wani ƙaramin ɗaki mai kujerun roba, fanka na ta ƙara a sama. Wani dattijo daga hukumar kula da magunguna ya zo, ya juya ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ya ce maganin kashe ciwo ne mai ƙarfi wanda matasa ke buguwa da shi, ba a shigo da shi sai da izini.

"Komai zai tsaya a nan sai an gama bincike," in ji shi.

"Har na Baba? Ranka ya daɗe, in ya tsallake na yamma..."

"Jaka ɗaya suka fito, 'yata."

Wayarta ta yi ta ruri a kan tebur, Yaya ce ke kira daga gida, ta kasa ɗauka.

Jami'ar ta tura mata wayar. "In gaskiya kike faɗa, kira mai saƙon. Ki buɗe murya kowa ya ji."

Auta ta zuba wa wayar ido. Goggo ce ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma wannan ɗan shi kaɗai Allah ya ba ta. Kwano ɗaya suka ci tun suna yara. Ta nemo lambarsa ta danna.

"Autar Baba, an sauka ke nan?" Muryarsa har da dariya.

"Na sauka. Wai me ke cikin saƙon nan?"

"Ke dai akwai bin diddigi. Wani zai kira ki, miƙa masa kawai, kar ki buɗe."

"In aka tsare ni fa?"

"Wa zai tsare mace mai ɗauke da maganin tsoho? Ai shi ya sa na ba ki."

Dattijon ya sa hannu ya kashe wayar. Sannan ya tattara kwalayen Baba ya tura gabanta. Fasfonta kuwa suka riƙe, suka ce gobe ta dawo ta ba da bayani, da sunan yaron da inda yake zaune.

Rana ta kusa faɗuwa ta isa gida. Goggo ce ta buɗe mata ƙofa, ta rungume ta.

"Sannu da hanya, 'yar albarka. Ya kika baro ɗan'uwanki? Yana cin abinci kuwa?"

Auta ta wuce ɗakin Baba. Ta ɓare magani, ta riƙe masa kofin ruwa har ya haɗiye. Da ta fito, Goggo na tsaye a inda ta bar ta, murmushin fuskarta ya fara gushewa.

"Goggo," ta ce a hankali, "zo ki zauna. Akwai magana."