Soket ɗin Usta Fahmi

Saura kwana uku sallah Shaukat ya hau benen mahaifiyarsa a birnin Tanta bayan la'asar, kuma tun daga matakala hancinsa ya gaya masa ba lafiya. Ƙamshin man shanu da na kahk, biskit ɗin sallah, ya cika gidan, amma a ƙarƙashinsa akwai ƙaurin roba. Shekara ashirin yana aikin wayarin, babu warin da yake tsoro kamar wannan.

Ya tarar da Hajiya Nawal zaune a ƙasan kicin, farantan kwaɓi sun kewaye ta, sabuwar tandar lantarki da 'yarta ta aiko daga Kuwait tana ta huci. Ya bi wayar da ido har bango. Soket ɗin ya yi baƙi ta gefe guda. Ya taɓa filogin, ya janye hannu da sauri.

"Umma, tun yaushe wannan yake zafi haka?"

"Kai, ko gaisuwa babu? Wuta ce a ciki, ƙanƙara kake so ya yi?"

Ya gaishe ta, ya sumbaci goshinta, sannan ya zare filogin. Ya ce mata soket ɗin wuta mai ƙarfin ampiya goma kawai yake iya ɗauka, tandar kuwa sha shida take ja, ga shi tun safe ba ta huta ba. Zai jawo sabon layi, ya sa babban soket, kafin a sha ruwa ya gama.

"Ba za ka taɓa shi ba," ta ce. "Babanka ne ya sa shi."

To, nan fa ake yin ta. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifin nasa, Usta Fahmi, 'ya'ya sun sake tayil, sun sake tagogi, har kujerarsa sun bayar sadaka, duk Hajiya ba ta ce uffan ba. Ashe duk haƙurin nan a kan wannan ɗan abin da ke bango zai ƙare.

"Rabin unguwar nan shi ya yi musu wuta, gidan wa ya taɓa ƙonewa? Kai da ya koya wa riƙe sukundireba, yau kai ne mai gyara masa aiki? Sannu, babban injiniya!"

Maganar ta yi wa Shaukat ciwo, don shi ma yana kewar tsohon. Amma tsoro ya fi ciwon yawa. Ya san halin mahaifiyarsa sarai: yana sauka za ta mayar da filogin, ita kaɗai take kwana a gidan, kuma ƙafafunta ba sa sauri a matakala.

"Shi ke nan, Umma. Bari in buɗe in ɗaure wayar kawai."

"Ɗaurewa kawai. Ina kallonka."

Ya kashe wutar gidan, ya kwance murfin soket ɗin. Wayoyin a nannaɗe suke tsaf, irin aikin da ba a ƙara yi yanzu, sai dai robarsu ta fara narkewa. Ya juya murfin zai goge, sai ya ga rubutu da fensir a ciki. Haka tsofaffin masu sana'ar suke yi, su bar wa wanda zai buɗe bayansu bayani. Ya karanta mata a hankali.

"Ampiya goma. Na fanka da rediyo ne. Wata rana Nawal za ta jona masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba za ta ji magana ba. A canja mata, a lallaɓa ta."

"Ƙarya kake yi, ɗan nema! Ba ni nan."

Ta goge hannu a zani, ta ɗauko tabaranta, ta kai murfin bakin taga. Ta daɗe tana kallonsa, leɓunanta na motsi. Ta san rubutun, ta san yadda yake jan wutsiyar sunanta. Dariya ta kama ta, hawaye kuma suka riga dariyar sauka.

"Ji mutumin nan," ta ce. "Shekara arba'in bai taɓa ce mini ba na jin magana ba. Ashe bango ya gaya wa."

Shaukat ya tsaya yana kallonta, sukundireba a hannu.

"Me kake jira? Ba ka ji abin da babanka ya ce ba? Canja. Amma murfin nan nawa ne."