Yaya a Kan Babban Allo

Da aka zo rabon ayyukan taron malaman kwamfuta na jami'o'i, kowa a sashen ya yi ta zille wa shirya zaman tattaunawa, don aiki ne na lallashin manya. Sai Auta ya ɗaga hannu. Shugaban sashe ya dube shi ta saman tabarau.

"Dakta, ka san abin da ka ɗauko kuwa? Ka tara masana a teburi ɗaya, kowa na ganin makirufo gadon gidansu ne."

"Na sani, ranka ya daɗe."

A wurin aiki Dakta ne, a gida kuwa har gobe Auta, duk da furfurar da ta fara leƙo masa a gemu. Ba son wahala ya sa shi ɗaga hannu ba. Yayarsa ce. Ta tafi ƙasar waje karatu tun yana sakandare, ta zama farfesa a can, zuwanta gida ya yi ta ja da baya har ya koma sai murya a waya. Ita ta fara ɗora masa yatsu a kan kwamfuta, tana make masa hannu duk lokacin da ya danna da yatsa ɗaya. Ya san gayyatar ƙani kullum amsarta "sai baɗi", amma taro mai rana da lokaci ba ya jira.

Don haka ya zaɓi batun da ya san ta ƙware a kai: yadda za a koya wa 'yan shekarar farko rubuta manhaja, yanzu da na'ura ke iya rubuta musu aikin gida kafin su gama hamma. Ya samo wani tsohon farfesa da ya rantse sai da takarda da fensir ake fara koyo, da wata malamar sakandare, da wani ma'aikacin kamfani. Tsohon ya ce shi zai fara magana ko ya fasa zuwa. Na kamfani ya nace sai ya nuna hotunan kayansu. Auta ya bi kowa da haƙuri da "ranka ya daɗe", ko a jikinsa, tunda Yaya ta amsa za ta zo.

Mama kuwa ta sa an share ɗakin Yaya, an canza labule, an shanya katifa.

Ana saura 'yan kwanaki, yana ofis da rana yana gyara jerin masu magana, Yaya ta kira.

"Auta, takardar izinin zamana a nan ba ta fito ba. In na fita yanzu, ba za su bar ni in koma ba. Ga yara, ga aiki."

Ya ture jerin gefe, ya ce, "Ba komai, Yaya. Sai mu haɗa ki ta bidiyo."

"Ka gaya wa Mama da kanka. Ni ba zan iya ba."

Ya tarar da Mama tana shimfiɗa sabon zanin gado. Ta saurare shi, ta ƙarasa shimfiɗar, ta lallaɓa kusurwar da ta tattare.

"A wurin taron naku, ana ganin ta?"

"A allo, Mama. Babba ne, ya kusa cin bango."

"To da ni za ka."

Ranar taron ta zauna a layin gaba da jakarta a cinya, tsakanin baƙi masu rataye da kati a wuya. Aka kunna allo, sai ga fuskar Yaya ta fi ƙofar zauren girma. Auta ya gabatar da ita da "Farfesa", kalmar ta yi masa nauyi a baki kamar aro.

Muhawara ta yi zafi. Malamar sakandare ta ce ɗalibanta layi suke bi kafin su taɓa kwamfuta, a fara maganar wannan tukuna. Yaya ta goyi bayanta, tana cikin bayani sai hoton ya tsaya cak. A 'yan daƙiƙun nan Auta ya ga abin da ƙaramar waya ta daɗe tana ɓoye masa: farin gashi a gefen ɗankwalinta, da goshin marigayi Baba sak. Kafin ya dawo hayyacinsa, tsohon farfesa ya cafe makirufo, bai kuwa sake shi ba sai da lokaci ya ƙare.

Da jama'a suka fita shan shayi, Auta ya roƙi mai kula da na'urori kada ya kashe. Mama ta taka a hankali har gaban allon, ta ɗaga kai.

"Kin rame."

"Mama, ƙeyarki nake gani," in ji Yaya tana dariya. "Juyo wajen kwamfutar da ke kan tebur in gan ki."

"In na juya, ni kuma ba na ganin ki."

Auta ya ɗauko kwamfutar, ya tsaya a gindin allon ya ɗaga ta daidai ƙirjinsa. Yanzu Mama na ganin Yaya, Yaya na ganin Mama, shi kuma ya ba allon baya, sai murya kawai yake ji. Suka yi hirar ciwon gwiwa, da 'yar maƙwabta da ta haihu, da jikokin da Mama ba ta taɓa goyawa ba. Hannayensa suka gaji, bai sauke ba.

"Kai kuma Auta," in ji Yaya, "ka bar tsohon nan ya cinye mini lokaci."

"Ai ya girme ni, Yaya."

Masu zama na gaba suka fara shigowa da kofuna a hannu. Mai na'urori ya matso yana ba da haƙuri, Mama ta ce wa Yaya Allah ya yi mata albarka, allon ya koma shuɗi.

Auta ya raka Mama har mota. Sai da ta zauna ta gyara mayafi sannan ta ce kada kowa ya taɓa ɗakin Yaya, a bar shi yadda yake. Ya ce to. Ya tsaya har motar ta fita daga ƙofar jami'a, sannan ya koma ciki, inda wasu malamai biyu suka riga suka fara gardamar wanda zai zauna a tsakiya.