Sunan Ɗiyar Fari

…kuma ai ita da hannunta ta manna hoton a allo, ba wanda ya sa ta. Jirgin ruwa kamar bene, bututun hayaƙi tsaye a kansa, gabansa ya riga ya dulmiya cikin baƙin ruwa. Da shi Malama Sadatu take buɗe darasin insha'in siffantawa kowace shekara, a nan makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi. Jirgin Turawa ne da ya yi karo da dutsen ƙanƙara a teku, shekara ɗari da ɗoriya ke nan. Yara ko teku ba su taɓa gani ba, a sa su su gan shi da idon zuci, su rubuta. Bara ba ta koyar da shi ba — bara wata ce ta riƙe mata ajin. Bana shugabar makaranta ta ja ta gefe, ta ce, Malama, ki tsallake wannan. Ta ce a'a, me ya haɗa ta da tekun Turawa? Taurin kai dai. Ga shi yanzu allin ya jiƙe da gumi a hannunta.

Ku rufe ido, take cewa, muryar tana fita daidai kamar ba komai. Kuna cikin jirgin. Me kuke gani, me kuke ji, wane wari ne ya shiga hancinku?

Idanu sun rufu. Ban da na waccan, ta bakin taga. Ita tuni hannunta yana sama.

Ba yanzu ba. Sadatu ta kau da kai.

Mansura ce take magana, uwar surutu, wai ruwan da sanyi kamar ƙanƙarar zoɓo, wai fitilun jirgin suna mutuwa kamar an ɗauke wuta a unguwa. Aji ya fashe da dariya. Madalla, Mansura, ci gaba… Sanyi? Wa ya ce musu sanyi? Gulbi a ƙarshen damina ɗumi gare shi. Kuma ja ne, ba baƙi ba, ja kamar kunun dawa, yana tafe da karan shinkafa da ƙwarya da takalmi wari guda. Ba fitila ko ɗaya. Rana tsaka, gari fes, ana hango wancan ƙetaren. Ba bene, ba bututu, kwale-kwale ne kawai cike da 'yan mata 'yan biki da kwanonin gara, ya tashi daga mashigar Argungu, bai kai tsakiya ba… Ita ba ta ga kifewarsa ba. Bayansa ta tarar, da gudu, ba takalmi. Ba wanda zai taɓa manna hotonsa a allo.

Kada ku rubuto mini cewa mutane da yawa sun mutu. Bakinta ne yake aikinsa, ya saba. Mutane da yawa ba su da fuska. Ku ɗauki mutum ɗaya cikin jirgin, ku dube shi tun daga kai har ƙafa. Ku ba shi suna.

Ku ba shi suna. Ita ce mai faɗin wannan? Kai, Sadatu, bakinki dai bai da ta ido.

Ɗiyarta ta fari ce, tana cikin kwale-kwalen nan. Uwa kuwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta ƙura masa ido. Haka ta taso ta tarar, haka innarta ta yi wa yayanta, ba wanda ya taɓa cewa don me. Ranar suna mata suna guɗa, ita ta ja mayafi ta rufe fuska. Da aka yaye yarinyar Gwaggo Riskuwa ta goye ta sai Argungu, can ta girma, tana ce wa Gwaggo Inna, tana ce wa uwarta Yaya. Shekara goma sha bakwai da haka take kiranta — ke, yarinyar nan, ta wajen Gwaggo. Kuma an yaba mata. Sadatu akwai kunya, Sadatu boko bai ɓata ta ba. Ta ji daɗin yabon nan. Wallahi ta ji daɗinsa, har cikin ranta.

Ba rashin so ba ne, Allah ne shaida. Wa yake zagaya kasuwa yana zaɓen atamfa, ya ba direban Argungu ya ce a ce daga babanta? Wa yake tsayar da numfashi a ɗaki idan dariyarta ta tashi a tsakar gida? Dariyar nan mai shaƙewa a ƙarshe… ta san ta ta bayan bango. Ta bayan bango ta san komai nata.

Hannun bakin taga bai sauka ba.

Sunansu ɗaya da ɗiyarta, shi ne abin. Tun farkon zango da yarinyar ta miƙe ta faɗi sunanta, Sadatu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Tun ranar ta zama ke ta bakin taga. Yara sun ɗauka Malama mantuwa gare ta. Yarinya mai ƙoƙari, baiwar Allah, kullum hannu a sama, kullum a tsallake ta ko a nuna ta da alli. Laifin me ta yi?

Ku fara rubutu. Biro ya hau takarda, ƙus-ƙus-ƙus…

…shinkafa a faifai, haka take ƙara. Da safen ranar tana zaune a tsakar gidan Gwaggo, ta je hutu, mata kewaye, tana tsintar tsakuwa. Inuwa ta faɗo kan faifan. Yarinyar ta durƙusa. Yaya, za mu tahi. Ga Gwaggo tana kallo, ga matan maƙwabta — a ɗaga kai? A ce me? Uhm. Abin da ta ce ke nan. Uhm! Ba Allah ya kiyaye hanya, ba ki kula da ruwa. Ido a ƙasa. Ƙafafu kawai ta gani. Lallen biki ya kama ya yi jawur, ƙaramin ɗan yatsa ya hau kan ɗan'uwansa irin nata sak, da tabon salansar babur a idon sawun dama. Ƙafafun suka juya suka fita.

Tun daga kai har ƙafa, in ji Malama.

Tsohon masuncin nan a bakin gulbi, gora a hammata, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Ya dube ta, an ce masa ga uwar ɗaya daga ciki. Mi tad ɗaura? Wane launi? Malamar siffantawa ce fa aka tambaya. Mai jan layi da jan biro a ƙarƙashin aikin yara, mai rubuta ban gani ba, nuna mini. Ta hau lalube a zuci. Shuɗi ne? Kore? Cikin atamfofin da ta aika ne, ko wani? Gwaggo ce ta amsa daga bayanta. Ya sake tambaya, Mi as sunanta? Ya ce ku yi ta kira, kowa shi kira nashi, wasu suna nan maƙale cikin ciyawar burgu, in mutum ya ji sunansa yakan samu ƙarfin amsawa.

Bakin gulbi ya koma sunaye. Maza, mata, tsofaffi, kowa ya kama baki yana kwarara kira, ruwa yana kwashewa yana wucewa da shi. Gwaggo ta shiga har gwiwa. Hanifa! Hanifa! Har muryarta ta tsage.

Sadatu ta buɗe baki. Ba mai kallonta a ranar, ba mai lissafin kunya, wa ya damu? Ta buɗe baki, ta turo sunan tun daga ciki, ya zo maƙogwaro ya tsaya. Harshen bai san hanyarsa ba. Abin da ya fito — Ke.

Ke… Gulbi cike da 'yan mata, kowacce ke ce.

An tsamo wasu da rai daga cikin ciyawar, an tsamo. Waɗanda suka amsa. To in yarinyar tana nan fa a lokacin, hannu ya sage a kan burgu, tana kasa kunne? Muryar Gwaggo ta riga ta mutu. Saura wa? Kuma ko da ya fito ɗin, za ta gane? Ba ta taɓa jin sunanta cikin wannan muryar ba, ko sau ɗaya, tun da aka haife ta… Kwana ne ya ƙare, haka kowa ya ce. Ta yarda. Astagfirullah, ta yarda, ba ta jayayya da Ubangiji. Amma abin ya ƙi barinta, yana nan yana ci kamar gara.

Mansura tana cizon biro. Wata tana leƙen aikin wata. A hana? Bari su leƙa.

Washegari aka jera su a gindin itace, can ƙasa da mashiga, an lulluɓe su da zannuwa. Ruwa ya sauya fuskoki. Gwaggo tana ɗaga zane tana saki, tana ɗagawa tana saki, ba ta gane kowa. Sadatu kuwa idonta a ƙasa, inda ya saba zama. Ba ta ɗaga zane ko ɗaya ba. Lalle jawur. Ɗan yatsa a kan ɗan'uwansa. Tabon salansa. Ga ta nan, ta ce. Ko a nan ma, ga ta nan. Sai wata daga baya ta ce, kun ga mai haƙuri, ko ƙwalla ba ta yi gaban mutane ba. Yabo kuma. Har a kan gawar aka yaba mata.

Ta gwada fa. Ba sau ɗaya ba ta zaunar da kanta kamar ɗaliba, ta ce to, Malama, bismillah, fara daga kai. Goshi… faɗi ne da shi? Gira? Gwaggo ta ce tana da wushirya. Gwaggo ta ce. Akwai hoto a wayar babanta, ta kalla har ta gaji, amma hoto ai ji ne, ba gani ba. Yaran nan sun rufe ido na ɗan lokaci sun ga Baturiya da doguwar riga a jirgin da ya nutse tun kakanninsu ba a haife su ba. Ita ta rufe ido shekara guda cur, faifai take gani da ƙafafu biyu. Ta gaji. Zuciyarta ta gaji, kewar yarinyar nan za ta kashe ta, kuma ba ta da bakin faɗa wa kowa, don ko yanzu in ta yi kuka a Argungu sai an ce Sadatu ta zubar da kunya.

“Malama,” in ji Mansura, “Hanifa fa tun ɗazu hannunta na sama.”

Haka kawai. Ya fito daga bakin yarinya sumul, kamar ta ce ruwa, kamar ta ce gishiri. Ashe ba shi da nauyi?

Biro ya tsaya. Aji ya ɗago. Ta bakin taga ta gaji, ta tallafe gwiwar hannunta da ɗaya hannun, amma ba ta sauke ba. Sadatu ta dube ta. A fuska, ba a ƙafa ba — goshi, gira, ɗan gumi a karan hanci, idanu suna jira. Ashe haka ake yi. Abin da bai fi ƙiftawar ido ba, a ɗaga kai daga faifai…

Ta buɗe baki. Sunan yana nan, ya taso, ya wuce maƙogwaro wannan karon, yana kan harshe. Ba Gwaggo a nan, ba matan maƙwabta, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Ba kunya ba ce kuma, ta gane yanzu. In ta faɗa, za a amsa. Za a ce na'am, Malama, da murya lafiyayya, daga bakin taga, daga busasshen benci, nan take… na'am ɗin da ya kamata ta fito daga cikin burgu.

Allin ya karye a hannunta. Hannun yarinyar yana sama.