Kunnen Nomau

A tashar Gazawa, in ka ji an ce "a kai wa Nomau", to ba kaya ake nufi ba, inji ne. Direba zai zo da motarsa tana wani kuka da ya rasa kansa, ya tsaya gefen rumfar mai shayi, ya ƙi kashe ta. Nomau ya ajiye kofinsa, ya ɗauko wani dogon rodi da riƙo ya sa ya yi santsi, ya dafa bakinsa ɗaya a jikin injin, ɗayan a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraren karatu. Can sai ya ce, "Famfon ruwa ne, saura mata kwana uku." Wani lokaci kuma ya ce, "Ba abin da ke damunta sai kai." Ba ya karɓar komai. Ladansa shi ne shirun nan da ake yi kafin ya buɗe baki. Mu maza in muka haura hamsin, irin wannan shiru yana riƙe mu fiye da tuwo.

Tasa motar tsohuwar kamiyo ce ta ɗaukar kaya, mai dogon hanci, silinda shida, shekara ashirin da biyu tana hannunsa, shi ne mai ita, shi ne direbanta. Agogon da ke nuna ƙarfin baƙin mai ya mutu tun shekara tara. Dogo makaniki, abokinsa na ƙuruciya, ya sha ce masa ya sake shi. Nomau ya ce mai kunne ba ya bukatar allura ta nuna masa abin da ya riga ya ji.

To, kunnen ne ya fara tafiya. Ba a rana ɗaya ba. Da farko wani siririn ƙugi ne, kamar gyare ya shige masa kai ya ƙi fita. Daga nan kiran sallar masallacin unguwa ya koma kamar daga wani ƙauye ake yin sa. Nomau ya koyi abin da ake koya: kallon leɓe, yin dariya in an yi dariya, da jefa "haka ne" ko "madalla" duk inda ya ga an tsaya ana jiransa. In an kawo masa inji, ya sa rodin a kunne don idon mutane, amma hayaƙi yake kallo, baƙi ne ko fari ko shuɗi. Yana kuma kallon fuskar mai motar, don yawanci direba ya san abin da ya yi wa motarsa, so yake wani ya faɗa. Sau biyu ya yi kuskure. Aka ɗora wa kayan gyara na jabu laifin, shi kuwa bai kare su ba.

Ya san abin da zai biyo baya in maganar ta fita. Ƴan kasuwar Gangara ba za su ɗora ayarsu a motar kurma ba, wanda ba ya jin oda a bayansa. Rodin kuma sai dai a tokare ƙofa da shi. Dogo mutumin kirki ne, amma abin da ya shiga kunnensa da hantsi, kafin la'asar ya isa Maradi ba tare da ya hau mota ba.

Ranar da abin ya faru, lodin aya ya kwana da shi daga kasuwar Gangara, buhu ɗari da hamsin, zai kai Maradi. Hassana matarsa ta ce za ta bi shi, don autarsu ta haihu a Cadakori, gobe suna. Ta hau gaba da ƙullin yaji da turmin atamfa a cinya. Karo na uku ke nan da ta taɓa shiga motar.

Sun bar Gazawa da ɗan tafiya, sun hau kwalta sosai, ya ga bakinta yana motsi. Kalma ɗaya ya cafke.

"Wane daka?" ya ce.

Ta matso, ta ɗaga murya saboda ƙarar mota. "Cikin motar. Kamar ana dakan gero gidan maƙwabta, can ƙasa."

"Haka take."

"Da muka taso ba haka take ba."

"Kin zama makaniki ke nan. Bari in sami wuri in sauka in ba ki sitiyarin."

Ta gyara zaman ƙullinta, ta mai da fuska ga taga.

Nomau ya kasa kunne iya ƙarfinsa. Gyarensa ne kawai, yana nan yana aikinsa. Ya zare takalmi a hankali, ya dafa tafin ƙafa a ƙarfen ƙasa. Motar tana rawa, amma ai ta shekara ashirin da biyu tana rawa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne kalmar da ta zaɓa. Da ta ce shiƙa, ko niƙa, da ya bari sai sun isa garin Agye da ke gaba. Daka kuwa, mai nauyi, daga ƙasa, ya san sunansa. Akwai wani ɗan ɓawon ƙarfe da hannun fistin ke juyawa a kansa. Makanikan Maradi su ce kusine, na Katsina su ce metal. In ya cinye aka ci gaba da tafiya da lodi, hannun fistin yakan ɓalle ya fasa jikin injin ya leƙo waje. Nomau ya taɓa ganin irin ramin a motar wani, ya kuma tsaya a kansa ya yi wa mai motar wa'azi a kan rashin sauraro.

Ya yi kusan kilomita biyu yana ciniki da kansa. Mace ce, ba ta san mota ba. Wataƙila salansa ce ta kwance. Wataƙila buhu ne ke bugun bodi. Sai ya hango wani babban gawo a bakin hanya, ya sauka daga kwalta ya tsaya ƙarƙashinsa.

"Zan kama ruwa," ya ce.

Bai kashe injin ba, bai kuma ɗauki buta ba. Ya zagaya gaba ya ɗaga murfin injin. Ya zaro sandar auna baƙin mai, ya shafa a yatsa, ya murza, ya kai ga hasken rana. Akwai ɗan ƙyalli a ciki, ƙanana ƙwarai, irin wanda ƴan mata ke shafawa a fatar ido ranar biki. Ya ce wa kansa tsohon inji ba ya rasa ƙyalli. Ya ɗauko rodin ya sa a kunnen dama. Ya mayar hagu. Sannan ya waiga, ya ga ba kowa a hanya sai wata amalanken jaki can nesa, ya cije bakin rodin da haƙora. Wannan dabarar shi kaɗai ya san ta. Wani abu ya hau masa muƙamuƙi, dum, dum, dum. Akwai shi. Amma daga ina, haƙori ba ya faɗa.

Gwajin da ya rage ya san shi tun yana saurayi. Kowace silinda tana da bututun gazuwal nata, wato man dizal. Ka sassauta notinsa injin yana aiki, silindar ta daina wuta. In bugun ya ragu, to ciwon yana cikinta, sai a kashe mota nan take. In an bi duk shidan bugun bai sake ba, wani abu ne ya kwance a waje, ana iya lallaɓawa har Maradi. Aikin minti biyar ne. Yana bukatar hannu biyu a kan sifana, da kunne ɗaya mai ji.

Ya tsaya da sifanar a hannu. Da ya ɗaga kai, Hassana tana kallonsa ta gilashin gaba, kuma bai san tun yaushe ba.

"Sauko," ya ce.

Ta sauko da baya, tana laluben matakalar da ƙafa. Ya nuna mata inda za ta tsaya, nesa da fanka, ya ce ta ɗaure mayafinta.

"Kina jin dakan?"

Ta gyaɗa kai.

"Zan sassauta wanga noti. In ya ragu, ki ɗaga hannu."

"In ɗaga hannu, ko in hwaɗa maka?"

"Ki ɗaga hannu."

Ta daɗe tana dubansa. Shi kuwa ya sami abin gyarawa a bakin sifana.

Ya sassauta na ɗaya. Gazuwal ya tsarto masa a yatsu, injin ya yi tangaɗi kamar jaki ya taka rami. Hannunta yana ƙasa. Ya ɗaure, ya koma na biyu. Na uku. Ta karkata kai gefe, ta lumshe ido, kuma ba wanda ya koya mata. A na huɗu hannun ya tashi, a hankali, kamar ɗalibar da ba ta tabbata an yarda ta amsa ba. Ya ɗaure notin, hannun ya sauka. Ya sake sassautawa, ya sake tashi. Ya bi na biyar da na shida duk da haka, don aiki ya cika.

Sannan ya hau ya kashe motar. A ƙafafunsa ya san ta mutu.

Suka zauna a gindin gawon. Ta zauna dab da shi, ta kawo baki kusa da kunnensa, abin da ba ta yi ba tun suna da baƙin gashi.

"Tun yaushe, Malam?"

"Bara waccan. Ko kahin nan."

"Duka biyun?"

"Na dama yana ɗan taɓukawa, in an yi masa tsawa."

Ta ɗauki wani ɓawon gawo a ƙasa tana juya shi. "Ni na zaci ni kaɗai ka daina ji."

Ya juyo.

"Bayan rasuwar Inna da kwana tara," ta ce, tana raba kalmomin ɗaya-ɗaya, "da mutane suka watse, kana tsakar gida kana wanke wani ƙarhe cikin tasa. Na zauna bayanka na yi ta magana. Na daɗe. Da na gama ka ce min madalla."

Nomau ya nemi ranar a kansa. Ya tuna tasar. Ya tuna ƙarfen ma, matatar gazuwal ce, ta toshe. Bai tuna akwai kowa a bayansa ba.

"Shekara guda da rabi ina riƙe da wannan madallar," ta ce. "Har na gaya wa Yaya Kande. Ta ce in yi haƙuri, haka kuke in kun tsuhwa."

"Mi kika ce ranar?"

Ta girgiza kai.

"Hwaɗa min yanzu. Ga ni."

"Ba irin maganar da ake ɗaga murya a yi ba ce."

Amalanken ta iso ta wuce, mai ita ya ɗaga musu hannu, Nomau ya ɗaga masa. Ya zauna yana goge gazuwal a yatsunsa da tsumma, har bayan sun bushe.

Da ya gaji da gogewa ya ciro wayarsa ya nemo lambar Dogo. Ya daɗe da daina amsa kira, yana cewa wayar ce ta lalace. Ya miƙa mata.

"Ce masa muna gabas da Agye, wajen babban gawo. Kusine ne, silinda ta huɗu. Na kashe ta da wuri, ban tsammanin ya ci ƙarhen ciki. Ya nemo motar da za ta ja mu, da wadda za a juye ayar."

Ta faɗa, tana maimaita kalmomin a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya ga ta yi murmushin gaisuwa, ya ga ta saurara. Sai ta rufe wayar da tafin hannu ta matso kunnensa.

"Ya ce mi ya hana ka kira da kanka. Ya ce kuma in kai ka ji da kunnenka shi ke nan, ba sai ya sake gwadawa ba."

Gyaɗa kai kawai ake bukata. Hassana ba za ta tona ba, ya gani a fuskarta, ta ma riga ta shirya ƙaryar wayar da ta lalace. Ya dubi motar, murfinta a ɗage kamar bakin mara lafiya gaban likita.

"Ce masa ke kika ji. Ni ban ji komai ba. Ce masa na daɗe ban ji."

"Malam, Dogo ne fa."

"Na san ko wane ne."

Ta faɗa. Ya bi leɓenta har ƙarshe don ya tabbata ba ta rage ba. Ta saurari amsar Dogo, sannan ta sauke wayar.

"Mi ya ce?"

"Ya ce yana tahe."

Wajen azahar wata ƙaramar motar haya ta taso daga Gazawa. Nomau ya tare ta. Hassana ta ce ba za ta bar shi a daji ba, ya ce kwalta ba daji ba ce, kuma ba a raɗa wa jikarsa suna ba kaka a wurin saboda silinda ta huɗu. Ya sauko mata da ƙullinta da atamfar, aka matsa mata a kujerar baya tsakanin wasu mata biyu.

Da direban ya sa giya, ta leƙo ta taga ta faɗi wani abu. Gajere ne, ba ta ɗaga murya ba, saboda mutane. Bakinsa ya riga ya buɗe zai ba da amsar da ya saba, sai ya rufe shi.

"Ban ji ba," ya ce.

Ta sake faɗa, amma motar ta riga ta hau kwalta, kan wata mata ya tare masa leɓenta. Ya tsaya har ta ɓace. Sannan ya koma ya sauke murfin injin, ya tattara sifanunsa cikin akwati, ya zauna a inuwar motar ta gefen da zai hango Dogo tun daga nesa.